Maigidana yana so in ƙara ƙiba, har ya kawo mini magani

Baiwar Allah ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina da wata damuwa da na kasa kai wa mahaifiyata saboda nauyin baki, na kuma kasa gaya wa ƙawayena domin na san cewa za su yi daɗi ne ya yi mini yawa, shi ya sa na kawo ta nan ba tare da sunana ba.

Ni asalin jikina siriri ne, haka dangin mahaifina suke, kuma a haka maigidana ya gan ni ya nemi aurena. Bayan haihuwata ta fari na yi jiki, kamar yadda yawancin mata suke yi idan sun samu hutun jego, kuma tun ranar da na dawo daga gidanmu na lura cewa wani abu ya sauya a wurinsa. Ya riƙa yaba ni fiye da yadda ya yi a lokacin amarci, daga baya kuma ya faɗa mini ƙarara cewa shi tun yana saurayi mace mai jiki ce take burge shi, hali da tarbiyya ne suka sa ya aure ni. Maganar ta sosa mini rai, amma na gode masa da bai ɓoye mini ba.

Tun daga lokacin ba ya shigowa gida hannu rabbana. Yau tsire, gobe gasasshiyar kaza, jibi fura da nono mai kauri ko madarar gwangwani da lemon kwalba, galibi bayan sallar isha'i, kuma hankalinsa ba ya kwanciya sai ya zauna ya ga na cinye. Idan na ce na ƙoshi, sai ya ce in daure in ƙara ko loma biyu ce saboda shi. Yanzu duk ɗinkunana na da sun daina shiga ta, hawa bene yana sa ni haki, gwiwata ta dama kuma tana ciwo idan na daɗe a tsaye wajen girki. Shi kuwa kullum cewa yake yi saura kaɗan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, a makon jiya ya kawo mini kwalbar magani na ruwa da wasu ƙananan fararen ƙwayoyi a ƙulle a leda, ya ce mai kemis ya tabbatar masa cewa su ne mata suke sha, irin waɗanda ake kira sha ka fashe. Ban sha ba, domin mahaifiyata tana fama da ciwon suga, yayata kuma tana da hawan jini. Da ya ga ban taɓa su ba ransa ya ɓaci, har ya ce mini cikin sigar wasa, idan ni ba zan iya ba, ai masu jikin suna nan cike da gari. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba balle duka, kuma bai rage ni da komai ba.

Ina so in sani, shin irin wannan sha'awa tasa abu ne da aka saba gani, ko kuwa matsala ce? Mene ne gaskiyar waɗannan magunguna? Kuma idan na ƙi sha, na shiga cikin matan da suka saɓa wa mazajensu?

Hajiya Babba ta amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, ki kwantar da hankalinki a kan tambayarki ta farko, domin mijinki bai zo da sabon abu ba. Mu da muka tashi a cikin birni tun kafin talabijin ya shiga kowane gida, ba mu san ana yabon mace da rama ba. Idan amarya ta zo ganin gida, wuyanta da kumatunta iyaye mata suke fara duba. In ta ciko, sai a ce yaron nan ya iya riƙo, a yi ta sa masa albarka. In kuwa ta rame, to za a ja ta ɗaki a yi ta tambaya, ko uwar miji ce, ko kishiya, ko cefanen ne ba ya isa. Jikin mace shaidar mijinta ne a idon dangi, kuma namiji da ya tashi yana jin irin wannan yabo ba abin mamaki ba ne idonsa ya saba da shi. Daga baya da cutar ƙanjamau ta bayyana, lamarin ya ƙara tsanani, domin duk wadda ta zube farat ɗaya sai a fara yi mata wani irin kallo, mata da yawa kuma suka shiga neman ƙiba don kare mutuncinsu kawai.

Sai dai akwai abin da masu kawo misali da zamaninmu suke mantawa. Matar da ake yabo da jiki a wancan lokaci ita ce take daka, ita take surfe da niƙa, ita take jan ruwa a rijiya, abincinta kuma tuwon dawa ne da gero da miyar ganye. Jikinta cike yake amma da ƙarfinsa. Ke kuwa yanzu inji ne yake yi miki niƙa, famfo yana tsakar gida, shinkafa da taliya da lemon kwalba ne a gabanki, sannan a ɗora miki kaza da madara da tsakar dare ki ci ki kwanta a kai. Waɗannan ƙiba biyu ba ɗaya ba ne.

Ina kuma so ki dubi sa'o'ina, domin mu ne ƙarshen labarin da ke kike farkonsa. Da yawa cikin waɗanda aka yi wa kirari da cika a lokacin ƙuruciya yau a kan kujera suke sallah saboda gwiwa, idan Allah ya kai su Makka a keke ake tura su ɗawafi, jakarsu kuma ba ta rabuwa da maganin suga da na hawan jini. Mazan da suka yi yabon ba su ne suke kwana da ciwon ba, wasunsu ma sun je sun ƙaro 'yan mata sirara da girma ya zo musu.

Shawarata ita ce kada ki mayar da abin rigima. Ki nemi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki gode masa da hidimar da yake yi, ki ce masa kin yarda ki riƙe jikin da kike da shi gwargwadon yadda lafiya ta bari, amma ba za ki ƙara a kai ba, magani kuma ba za ki sha ba. Abin da ya kawo da dare ku ci tare, ki rage wa yara na safe. Ke matar aure ce, ba ragon layya ba da za a turke ana auna shi da ido kowace safiya. Maganar masu jiki a gari kuwa, namijin da ya yi niyyar ƙara aure zai ƙara ko da kin cika ƙofar ɗaki, don haka kada ki sayi zamansa da lafiyarki.

Mai Haɗa Magani ta amsa:

'Yar'uwa, aikina ke nan, don haka zan tsaya a kan tambayarki ta biyu, kuma zan ɗan tsawaita domin abin ya zama ruwan dare a tsakanin matanmu, musamman amare da masu shirin aure.

Abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba yawanci ɗayan abu biyu ne, ko kuma a haɗa su. Na farko shi ne sifroheftadin, wanda za ki ga an rubuta Cyproheptadine a jikin kwalba, kuma shi ne yake cikin yawancin na ruwan, tare da wasu sinadaran bitamin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da borin jini da atishawa. An lura cewa yana buɗe ciki yana kuma sa barci, sai 'yan kasuwa suka mayar da wannan illa tasa ta zama hajar sayarwa. Mai shan sa tana cin abinci fiye da ƙima, tana wuni cikin kasala da magagi, bakinta yana bushewa, kuma an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Wanda ya fi suna a irinsu shi ne Apetamin, wanda ake yi a Indiya. Ba a ba shi lasisi a Ingila ba, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta gargaɗi jama'a a kansa a 2023.

Na biyun, wanda nake kyautata zaton shi ne fararen ƙwayoyin da ke cikin ledar, shi ne deksametason, Dexamethasone a rubuce. Wannan magani ne mai daraja a hannun likita. Ana ba da shi ga mai matsananciyar asma, da mai kumburi a ƙwaƙwalwa, da mai cikin da ake tsoron za ta haifi bakwaini domin huhun jaririn ya yi ƙwari, kuma a 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford suka nuna cewa yana rage mutuwa a cikin waɗanda korona ta kwantar har suna buƙatar iskar numfashi. Amma duk wannan ana yin sa ne da awo, ga ciwon da ya kai a ɗauki kasadarsa. Yana kwaikwayon wani sinadari ne mai suna kotisol, wanda wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suke samarwa, sai dai ya fi shi ƙarfi kusan sau 25.

Ga abin da nake so maigidanki ya ji da kunnensa: ƙibar da wannan ƙwaya take kawowa ba ita ce wadda yake sha'awa ba. Tana tara ruwa da gishiri a jiki, tana kwashe kitse ta jibge shi a fuska da ƙeya da ciki, a lokaci guda kuma tana cinye tsokar cinya da ta damtse. Bayan wasu watanni sai ki ga mace fuska ta yi tulu, doron kitse ya fito a bayan wuya, tumbi ya yi gaba, ƙafafu kuwa sun tsumure, ga nankarwa mai faɗi ja-ja a ciki da cinyoyi, fata ta yi laushi tana saurin ɓarkewa, wani lokaci har gashi ya tsiro a haɓa. A ciki kuma suga yana hawa, jini yana hawa, ƙashi yana raunana har ƙaramar faɗuwa ta zama karaya, garkuwar jiki tana sauka ta yadda tarin fuka da sauran cututtuka suke samun ƙofa, haila tana rikicewa, ido yana iya yin yana. Ga wadda mahaifiyarta ke da suga, wannan ƙwaya tana iya jawo ciwon da wataƙila da sai bayan shekaru masu yawa zai zo, ko ma ba zai zo ba.

Babu kuma wani magani ko abinci da yake aika kitse wurin da mutum ya zaɓa. Inda jikinki yake ajiye kitse gado ne da halitta. Wata idan ta ƙara nauyi ƙugu ne yake cika, wata kuma ciki, kuma kitsen ciki shi ne mai haɗarin, domin shi ne yake naɗe kayan ciki yake dagula aikin insulin, sinadarin da yake daidaita suga a jini.

Tun da kin ambaci haki da ciwon gwiwa, ina ba ki shawara ki san inda kike kafin ki yi wata magana da shi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi shi ne a raba nauyi na kilo da tsawo na mita sau kansa. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma an shiga teɓa. Misali, mace mai tsawon mita 1.60 tana kai wa 25 a kilo 64, tana kai wa 30 a wajen kilo 77. Ma'aunin ba ya bambance tsoka da kitse, don haka ki haɗa da na biyu, wanda ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela: ki auna kewayen cikinki tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin ƙugu. Ga mace, wuce santimita 80 gargaɗi ne, wuce 88, wato kamar inci 35, haɗari ne bayyananne. Sannan ki je asibiti a auna jininki, a kuma gwada suga da safe kafin ki ci komai. Idan kuna son ƙarin haihuwa wannan ya ƙara muhimmanci, domin teɓa tana iya wahalar da samun ciki, idan an samu kuma tana ƙara yiwuwar sugan masu ciki da hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, da haihuwa ta hanyar tiyata.

Ki roƙe shi ya raka ki. Maza da yawa ba sa jin maganar matansu a kan irin wannan, amma suna jin ta likita idan an nuna musu lamba a takarda.

Magidanci ya amsa:

Ina neman afuwar Hajiya, amma ban yarda da yadda ta kwatanta mu ba, kamar duk mai son mace mai jiki jira yake ta gaji ya sauya ta. Ni ina cikin irin waɗannan maza, ban taɓa jin kunyar faɗa ba, kuma uwargidana mai jiki ce tun tana budurwa, a haka na gan ta na so ta, a haka muke har yau da jikoki. Wani yana son doguwa, wani baƙa, wani siririya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba ciwo ba ne, ba kuma abin da za a kai mutum wurin malami a yi masa addu'a ba ne. Matan da Allah ya halitta da jiki ma suna da haƙƙin a so su yadda suke, ba a riƙa yi musu gori da sunan lafiya ba.

Duk da haka, ƙanwata, akwai abin da ya tsaya mini a rai a cikin bayaninki. Son mace mai jiki daban, son ganin mace tana ƙaruwa daban. Na farkon yana da inda yake tsayawa, domin idan ya samu abin da yake so ya gode wa Allah. Na biyun kuwa daɗinsa yana cikin ƙaruwar ne da ciyarwar kanta, shi ya sa ba ya isa. A Turai da Amurka masu irin wannan ɗabi'a har zauruka suke da su a intanet, ɗaya yana ciyarwa ɗaya yana ci, suna hawa sikeli suna murnar kowane kilo. Suna kare kansu da cewa manya ne kuma da yardar juna suke yi, amma an ga inda abin ya kai matar ba ta iya tashi daga gado, wanka da abinci da komai nata ya koma hannun mai ciyar da ita, kuma wadda ta kai wannan hali ba ta da bakin cewa a'a ko da ta so.

Ban ce maigidanki haka yake ba, domin ban san shi ba, kuma wataƙila ɗoki ne kawai na wanda ya daɗe yana ɓoye abin da yake so. Amma abubuwa uku da kika faɗa sun sa na yi shiru: zaman da yake yi sai ya ga kin cinye, matsa miki bayan kin ƙoshi, da kalmar saura kaɗan da ba ta ƙarewa. Ki tambaye shi cikin ladabi, a ina ne zai ce ya isa? Idan ya iya nuna miki iyaka, ya kuma damu da kika ce gwiwarki tana ciwo, to kuna iya daidaitawa. Idan kuwa ya kasa, ko ya mayar da ciwon naki wasa, to lokaci ya yi da za ki sanar da wani babba da yake jin nauyinsa. Mu maza mun san bambancin, ko da ba ma son a tambaye mu.

'Yar Dogondutsi ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni daga Nijar nake, kuma a wajenmu wannan magana ta fi ƙarfin sha'awar mutum ɗaya. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da al'adar da suke kira hangandi, inda mata suke dage wa ci da sha na wani lokaci domin su fito a taro a ga wadda ta fi cika, kuma yabon yana komawa ga mijin da ya iya ciyarwa. Larabawan Azawak da ke arewacin Tawa sun daɗe suna ɗura wa 'yan mata madara da kunun gero tun suna ƙanana, da nufin su yi jiki kafin aure. A Muritaniya abin ya fi shahara, ana ce masa labluh: yarinyar da ba ta kai shekara goma ba za a zaunar da ita gaban ƙwaryar nonon raƙumi, idan ta ƙi sha a matse mata yatsun ƙafa tsakanin sanduna biyu. Da aka yi ta yaƙi da wannan a birane, sai wasu suka koma ƙwayoyi, har da waɗanda aka yi domin kiwon dabbobi. A kudancin Najeriya ma Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa kafin aure, ana ciyar da ita ana koya mata zaman gida.

Abin da na lura da shi a duk waɗannan wurare shi ne, ba namiji ne yake riƙe ƙwaryar ba. Uwa ce, ko kaka, ko gwaggo, ko wata tsohuwa da aka ɗauka domin aikin. Mata ne suke auna juna a gidan biki, mata ne suke cewa wance ta bushe kamar ba a gidan miji take ba, mata ne kuma suke sayar wa juna haɗin a cikin kayan gyaran amarya. Don haka ina shakkar cewa maigidanki shi kaɗai ya tashi ya nufi kemis. Namiji bai cika sanin sunan irin waɗannan magunguna ba sai wata ta gaya masa. Ki bincika a hankali ko akwai wata a danginsa da take zuga shi, ko take sha da kanta, domin idan akwai, duk abin da kuka daidaita da dare za a warware shi da rana.

Almajirin Zaure ya amsa:

Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da haƙƙin mijinki. Ni ɗalibi ne, abin da na karanta a gaban malamai zan faɗa.

Neman jiki ta hanyar abinci na halal domin miji ba laifi ba ne a asalinsa. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa mahaifiyarta ta so ta yi jiki kafin ta tare a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a dace da komai ba sai da aka haɗa mata kokwamba da ɗanyen dabino, ta yi jiki mai kyau. A hadisin Ummu Zar'in da ke cikin Bukhari da Muslim kuma, cikin abin da matar ta yabi mijinta da shi har da cewa ya cika mata damatsa da kitse. Saboda haka wanda ya ce son mace mai jiki baƙon abu ne ko aibi ne, bai duba littafi ba.

Amma a duba da me aka yi, kokwamba da dabino ne, kuma ga wadda take da ƙarancin jiki. Allah yana cewa a Suratul A'araf, aya ta 31, a ci a sha kada a yi ɓarna. Tirmizi ya ruwaito cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri daga cikinsa ba, idan kuma ba makawa, to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Ƙa'idar da malaman fiƙihu suka gina hukunce-hukunce masu yawa a kanta ita ce hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa babu cuta babu cutarwa. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya da ya rayu a Masar, ya yi kakkausan inkari a littafinsa Al-Madkhal ga matan zamaninsa da suke cusa wa kansu abinci don ƙiba, har wasu suna barin azumin Ramadan saboda tsoron ramewa. Ke nan matsalar tsohuwa ce, malamai kuma ba su yi shiru a kanta ba.

Biyayya ga miji tana cikin abin da shari'a da hankali suka sani da kyau ne. Idan masana lafiya sun tabbatar cewa magani yana cutarwa, kamar yadda 'yar'uwarmu mai haɗa magani ta bayyana, to ba shi da ikon tilasta miki, ke ma ba ki da ikon yarda, domin jikin amana ne a hannunki. Ƙin sha ba ya sa ki cikin masu saɓa wa miji. Shi ma an umarce shi a Suratun Nisa'i, aya ta 19, da ya zauna da ke da kyautatawa, kuma tsoratar da mace da kishiya don ta sha abin da zai cutar da ita ba ya cikin kyautatawa, ko da da wasa aka faɗa. Abin da ya rage a kanki shi ne tausasa harshe, da ci gaba da yi masa ado da kwalliya ta hanyoyin da ba su da illa.

Baiwar Allah ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba kwalbar, sunan farko da Malama mai haɗa magani ta ambata ne a jiki. Ƙwayoyin ba su da kwali, amma da na tambayi maigidan inda ya ji labarinsu, sai ya ce ƙanwarsa ce ta rubuta masa sunan, kuma Dexamethasone ne. 'Yar'uwata ta Dogondutsi, kin yi gaskiya. Yarinyar tana shan su tun kafin bikinta, watanni ke nan, kuma duk muna ta yaba yadda fuskarta ta ciko. Na karanta masa bayanin nan gaba ɗaya, bai ce komai ba a kan nawa, amma hankalinsa ya tashi a kan ƙanwar tasa, har ya ce gobe da safe zai je gidanta ya karɓe su ya zubar. Ya kuma yarda zai raka ni awon suga, ko da yake bai amsa tambayar da Magidanci ya ce in yi masa ba.

Mai Haɗa Magani ta sake amsawa:

Don Allah ki tsayar da shi kafin ya fita, kada ya zubar mata da su. Wanda ya sha deksametason kullum fiye da mako uku, halittun nan na saman ƙoda suna rage aikinsu ko su tsaya, domin jiki ya ga ana kawo masa sinadarin daga waje. Idan aka yanke farat ɗaya, jikin zai wayi gari ba na waje ba na ciki, sai matsananciyar kasala, da amai, da jiri, jini ya faɗi, mutum ya suma, kuma ana iya rasa rai a haka. Ta ci gaba da shan adadin da ta saba, ya kai ta asibiti a cikin kwana ɗaya ko biyu tare da ragowar ƙwayoyin, ta faɗa wa likita gaskiyar yawan da take sha da tsawon lokacin, shi zai tsara mata yadda za ta riƙa ragewa sannu a hankali cikin makonni ko watanni. A auna mata suga da jini, a kuma yi gwajin ciki tun da amarya ce. Idan kafin nan ta kamu da zazzaɓi, ko amai ya hana ta riƙe maganin a ciki, kada a jira safiya, a wuce da ita sashen gaggawa a gaya musu abin da take sha.